Muhawara a Zauren 'Yan Kasuwa: A Kai Jari Morishus, Ko Zanzibar, Ko A Zauna Gida?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mani gaskiya ko da ba daɗi. Mu biyar muke da wasu kuɗi na haɗin gwiwa da muka tara a harkar siminti da rodi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda ta kaya: dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Kuɗinmu suna nan a takarda, amma abin da za su iya saye ya zaftare. Ɗan ƙanwata da ke aikin akanta a Legas ya kafe wai mu fitar da wani kaso mu kai tsibirin Morishus. Ɗaya daga cikin abokan haɗin ya ce in dai tsibiri ne gara Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, tunda garin Musulmi ne. Ni dai ban ga abin da ƙasar da ruwa ya kewaye za ta ba Bakatsine ba. Yaron yana cikin zauren nan, ya fito ya kare kanshi.

Akanta:
Wa alaikumus salam Kawu, ga ni. Ban ce a je a sayi yashin bakin teku ba. Abin da Morishus ke da shi wanda ba mu da shi, doka ce da ba ta juyawa cikin dare. Tun 1994 suka cire takunkumin canjin kuɗi, in ka shigar da dala za ka fitar da dalarka da ribarka, ba sai ka bi layi a wani ofis ba. Harajin kamfani kashi 15 ne cikin 100, kuma ba a cire haraji a ribar da ka ci in ka sayar da hannun jari. A jerin Bankin Duniya na sauƙin gudanar da kasuwanci na 2020 su ne na 13 a duniya, na ɗaya a Afirka. Mu muna na 131. Ga ƙofofin kasuwa kuma: suna cikin ƙungiyoyin ƙasashen kudanci da gabashin Afirka, SADC da COMESA, yarjejeniyarsu ta ciniki da Sin ta fara aiki a Janairun 2021, ta Indiya a Afrilun shekarar.

Baban Jibiya:
Yaro, duka mutanen ƙasar nan ba su kai miliyan 1 da dubu 300 ba. Jihar Katsina tun ƙidayar 2006 tana da miliyan 5.8, kuma a faɗin ƙasa ta ninka su fiye da sau goma. Wa za ka sayar mawa a can? Kifi?

Akanta:
Baba, ai ba don su ci kayan ake zuwa ba. Mashiga ce.

Dokta:
Bari in shigo nan, don ɗana Akanta ya yi gaskiya a rabi ya bar rabi. Yarjejeniyoyin da ya ambata ba su amfanar kamfani don kawai an yi mashi rajista a Fot Luwis, babban birnin Morishus. Sai kayan ya zama a can aka sarrafa shi gwargwadon abin da yarjejeniyar ta gindaya. In Alhaji ya buɗe kamfani can ya ci gaba da sayar da rodi a Katsina, ba abin da ya shiga tsakaninshi da rangwamen Sin.

Amma tarihin wurin ya cancanci a tsaya a kanshi, domin shi ne hujjar da ta fi duk waɗanda yaron ya kawo. A 1961 wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, James Meade, wanda daga baya ya samu lambar Nobel, ya duba tsibirin ya ga ba alamar zai kai labari: mutane na ƙaruwa, ba ma'adini, ba komai sai rake, ga ƙabilu da addinai barkatai. Lokacin da suka samu 'yanci a 1968 sukari ne sama da kashi 90 na abin da suke fitarwa waje. Mi suka yi? A 1970 suka keɓe yankin masana'antu na kayan fitarwa, suka jawo masu jari daga Hong Kong aka kafa kamfanonin ɗinki da saƙa. A 1975 suka samu kaso mai tsoka a tsarin da Turai ke sayen sukari da farashi mai gwaɓi ƙarƙashin yarjejeniyar Lome, kuma ba a cinye kuɗin nan a biki ba, masu gonakin raken suka zuba su a otal-otal da masaƙu. Daga nan yawon buɗe ido, daga nan harkar bankuna da rajistar kamfanoni.

Abin da ke ci mani rai shi ne, Morishus ba ta noma auduga, amma riguna take kaiwa Turai da Amurka. Mu da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, kowa ya san inda audugarmu ta tsaya.

Sai siyasa. Ba su da rundunar soja ta dindindin, ba a taɓa juyin mulki ba. A 1982 'yan adawa suka share duka kujeru 60 na babban tsibirin, gwamnati ta tattara ta ba su wuri. A Nuwamban 2024 aka sake haka, Navin Ramgoolam ya dawo kujerar firaminista. Mai jari wannan yake saye.

Autan Zaure:
Kawu in an tashi tafiya ni ne mai riƙe jaka. Ance in ka sayi gida can har takardar zama suke ba ka, gaskiya ne?

Akanta:
Gaskiya ne Auta, amma sai gidan ya kai dala 375,000, kuma cikin rukunan gidajen da gwamnati ta amince baƙi su saya. Da dala 500,000 ne, a 2020 suka rage. In ka lissafa dala a naira 1,500, ka haura naira miliyan 560.

Autan Zaure:
To na ajiye jakar.

Baban Jibiya:
Dokta ya kawo zuma, bari in kawo harbin. A 2020 da korona ta rufe jirage, tattalin arzikin Morishus ya faɗi da wajen kashi 14 cikin 100 a shekara ɗaya. Ƙasar da ta karɓi baƙi kusan miliyan 1.4 a 2019 ta wayi gari otal-otal ba kowa. A watan Yulin shekarar jirgin ruwan Wakashio ya kafe a gaɓarsu, mai wajen tan 1,000 ya malala cikin ruwan da suke tallata wa Turawa. A Fabrairun shekarar dai hukumar FATF mai sa ido kan halatta kuɗin haram ta sa su a jerin waɗanda ake tuhuma, sai Oktoban 2021 suka fita. Kuɗinsu rufi da kuke gudun naira ku fake gare shi, daga wajen 36 a dala ya wuce 45. Guguwa kuwa duk daminarsu suna cikin fargaba, a Janairun 2024 guguwar Belal ta cika titunan Fot Luwis da ruwa, motoci suna yawo kamar ba su da taya. Shinkafarsu da man fetur ɗinsu duk jirgi ke kawowa. Kuma kada a manta Siri Lanka ita ma tsibiri ce mai kwakwa da baƙin yawon buɗe ido, a 2022 ta kasa biyan bashi, shugaban ƙasa ya gudu.

Akanta:
Baba duk abin da ka faɗa haka ne. Amma rufi ya faɗi daga 36 zuwa 45 cikin shekaru, naira ta faɗi daga 460 zuwa 1,500 cikin watanni. Kuma a bankunan can kana iya ajiye kuɗinka a dala kai tsaye. Jerin FATF ɗin ma ai mu ma mun shiga a Fabrairun 2023.

Baban Jibiya:
In dala kake so, wane banki ne a Katsina ba ya buɗe asusun dala? Sai an hau jirgi biyu?

Dokta:
Wannan tambayar ta Baban Jibiya ita ce ba a amsa ba. Ajiya daban, jari daban. In tsoron faɗuwar naira ne kaɗai ya tayar da Alhaji, ba ya bukatar tsibiri.

Hajiya Mai Kayan Yaji:
Sallama gare ku. Ina ta karantawa ina jira a zo kan Zanzibar shiru, maza sun tsaya kan banki da haraji. Yaya Alhaji, ni abin da na sani kanumfari ne. Ba gidan da za a dama kunu ko fura ko a haɗa yajin mai jego a ƙasar Hausa ba a nemi kanumfari ba, ga masu zoɓo ga masu turare, kuma ko ƙwaya ɗaya ba mu nomawa. Duk wanda muke sara a Kano ya biyo hannu uku ko huɗu kafin ya iso mu, kowane hannu ya ɗora nashi. Tsibirin Pemba shi ke ba da mafi yawan kanumfarin Zanzibar. Mi zai hana maimakon ku kai kuɗi ku binne a gini, ku juya su a kaya? Kuɗin da ya tafi ya dawo da buhu ka san inda yake. Gida a bakin teku kuwa sai dai a riƙa turo maka hoto.

Dokta:
Hajiya ta kawo magana mai ma'ana, sai dai akwai ƙulli. A Zanzibar manomi ba ya sayar da kanumfarinshi ga wanda ya ga dama. Hukumar ciniki ta gwamnati, ZSTC, ita ke saye daga manoma ita ke fitarwa, don haka ba za ka shiga ƙauyen Pemba da kuɗi a aljihu ka yi awo kamar a Dandume ba. Da hukuma za ka yi ciniki, da farashinta. Kuma yanzu Zanzibar ba ita ke riƙe da kasuwar ba kamar zamanin sarakunan Oman. Indonesiya ta fi kowa nomawa, amma tana ƙone mafi yawa a tabar sigarinta, Madagaska kuma ita ce kan gaba wajen fitarwa. Duk shekarar da amfanin Indonesiya ya gaza ta fito saye, farashi sai ya tashi a ko'ina, har a teburin Hajiya.

Hajiya Mai Kayan Yaji:
Ashe masu shan taba ne ke tsauwala mani. To Dokta ko Madagaskar ce ai ita ma tsibiri ce, ni ban ɗaura aure da Zanzibar ba. Inda kaya ya fi kyau da sauƙi nan za ni.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Hajiya kin taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Amma abokin haɗinmu da ya kawo zancen Zanzibar ba kanumfari yake nufi ba. Wani ne ya turo mashi tallar filaye ta WhatsApp, wai a bakin ruwa, a biya kashi-kashi.

Akanta:
Kawu don Allah kada a tura ko sisi. A Zanzibar ƙasa ta gwamnati ce, baƙo ba ya mallakar fili, haya ake ba shi ta tsawon shekaru, mafi tsawo 99, kuma ta hannun hukumar jawo masu jari ta ZIPA ake bi. Duk wanda ya ce zai sayar maka da fili ka mallaka har abada, ko bai san doka ba ko ya san ka ba ka sani ba. Ba wai ba harka a can ba. Mutanensu sun kai miliyan 1.9 a ƙidayar 2022, baƙin da suka shiga a 2024 sun haura 700,000, an buɗe sabon ɓangare a filin jirgin Abeid Amani Karume, kuma gwamnatin Hussein Mwinyi tun 2020 jawo masu jari ta sa a gaba. Amma wutarsu ta ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin Tanzaniya. Daga Disambar 2009 zuwa Maris 2010 da layin ya lalace, wata uku Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ta yi cikin duhu.

Autan Zaure:
Wata uku kacal? Su zo unguwarmu su ɗauki darasi.

Malamin Daura:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhaji, an yi maganar riba da asara, saura maganar halas. Arzikin tsibiran nan biyu kan baƙin yawon buɗe ido ya fi tsayawa, kuma otal ɗin bakin teku da wuya ka same shi ba mashaya. Kasancewar mutanen Zanzibar Musulmi ne bai hana hakan ba, domin ba don su aka gina otal ɗin ba. Wanda ya sayi hannun jari a irin wannan wuri yana da kaso a abin da aka sayar a mashayar. Haka ajiyar banki mai kuɗin ruwa, ko da dala ce, riba ce ta haram. Akwai mafita: a Tanzaniya akwai bankin Amana da ya fara aiki a 2011 kan tsarin Musulunci, kuma hayar gida ga iyali, ko sito, ko cinikin kaya irin na Hajiya, duk ba laifi.

Abin da na fi so ku duba shi ne gado, don ba wanda ya ambace shi. Morishus dokar farar hula ta Faransa ta gada. Gida ko fili da ke ƙasarsu dokarsu ce ke hukunci a kansa in mai shi ya rasu, kuma a wannan dokar akwai kason da aka killace wa 'ya'ya: rabi in ɗa ɗaya ne, biyu bisa uku in biyu ne, uku bisa huɗu in sun kai uku ko fiye, kuma namiji da mace daidai. Mai mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha, ya tambayi kansa wace kotu iyalinsa za su tsaya, da wane harshe, da kuɗin jirgin wa. A Zanzibar akwai kotunan alƙalai da ke raba gadon Musulmi bisa shari'a, a nan ta fi sauƙi. Sannan ku biyar ne. In ɗaya ya riga saura, magadansa da wace takarda za su nemi haƙƙinsu?

Zakka kuma ba ta faɗuwa don dukiya ta ƙetare ruwa. In gidan haya ne, a kuɗin hayar take in ya kai nisabi shekara ta zagayo masa. In an saya ne ana jiran ya yi tsada a sayar, a mazhabarmu sai ranar da aka sayar a fitar da ta shekara ɗaya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah gafarta Malam, wallahi maganar gadon nan ko kusa ba ta zo mana ba. Haɗin namu ma amana ce kawai, littafi ɗaya ne a shagona.

Malamar Firamare:
Ni ba 'yar kasuwa ba ce, amma a yi mani haƙuri in ce wani abu. Kuɗin nan a Katsina aka same su, daga mutanen da suka sayi buhun siminti da guminsu. Yaran da na koyar suna nan sun gama sakandare suna tura baro, wasu sun bi hanyar Agadas. Yanzu a kwashi kuɗin a kai wata ƙasa a gina wa Turawa wurin shan iska? Kuma ɗana Akanta bai faɗi daga ina wani ɓangare na arzikin Morishus yake ba. A 2019 ƙungiyar 'yan jarida ta ICIJ ta fallasa takardun da suka nuna yadda manyan kamfanoni ke yin rajista can don su kauce wa biyan haraji a ƙasashen Afirka da suke cin riba. Senegal da Zambiya har soke yarjejeniyar harajinsu da ita suka yi. Ajin da nake koyarwa ba benci, kuma irin wannan harajin da aka zille wa ne ya kamata ya saya.

Akanta:
Mama, ban ce Kawu ya ɓoye wa hukuma komai ba. Mazaunin Najeriya ne, abin da ya samu a waje ma doka ta ce ya bayyana. Raba ƙafa ba cin amana ba ne.

Malamar Firamare:
Kowa haka yake cewa ranar farko.

Baban Jibiya:
Malama ina tare da ke a zuciya, amma bari in faɗi abin da zai ba yaron nan makami a kaina. A watan Agustan 2019 aka rufe iyaka, ba sanarwa, sai Disambar 2020 aka buɗe. A Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar aka sake rufewa har Maris 2024. Mutanen Jibiya da Mai'aduwa da Kwangwalam da ke da kaya a hanya, albasa ta ruɓe a mota, masu bashi suna ƙofar gida. Ba laifin da suka yi, takardunsu cikakku. To wanda ya ga wannan, ga kuma 'yan bindiga sun hana noma a Batsari da Safana, in ya ce zai ajiye wani abu inda ba a rufe mashi hanya da sanarwar rediyo, ba zan kira shi maci amana ba. Ni dai gardamata ita ce kuɗin su Alhaji ba su kai na wannan wasan ba. Masu kai kuɗi Morishus masu lauya ne a riƙe, ba masu littafi ɗaya a shago ba.

Dokta:
Nan na tsaya ni ma. Kamfanin da baƙo zai buɗe can don harkar waje dole ya bi ta hannun kamfanin gudanarwa mai lasisi, da daraktoci biyu mazauna ƙasar, da binciken akanta duk shekara, duk da dala ake biya ko an ci riba ko ba a ci ba. Wanda ke juya miliyoyin daloli tsakanin ƙasashe biyar ba zai ji ba. Mai dala dubu ɗari zai ji a jikinshi tun shekarar farko.

A gida kuma akwai abin dubawa. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi, an aza harsashinshi a Fabrairun 2021. Ga tashar tsandauri a Funtuwa. Mai siminti da rodi ya fi kowa sanin inda za a nemi sito in jirgi ya fara tsayawa.

Akanta:
Dokta, in ya fara.

Dokta:
In ya fara. Ban ce gobe ba.

Hajiya Mai Kayan Yaji:
Ku dai ku yi ta jiran jirgi. Yaya Alhaji, ni tayina yana nan: a ware kaɗan a gwada kanumfari, a nemo samfur daga Pemba da Madagaska in gani da idona. Mai kyau ja-ja yake, kanshi bai faɗi ba, in ka danna da farce mai ya fito. Wanda aka tatse man ko aka jiƙa don ya yi nauyi ba zai wuce ni ba. Ku kun san takarda, ni na san kaya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode wa kowa. Zancen fili ta WhatsApp na kashe shi, yau zan kira abokin namu. Gidan Morishus ma ba kuɗinmu ba ne. Yaro, ka rubuto mani a takarda nawa kontena ƙarama za ta ci daga can zuwa Legas, da kuɗin kwastan, da na NAFDAC, da na mota zuwa Katsina, da irin takardun banki da ake cikewa kafin a biya mai kaya. Malam, in Allah ya kai mu Asabar za mu shigo Daura mu biyar a rubuta mana yarjejeniyar haɗin nan da shaidu.

Malamin Daura:
Allah ya kawo ku lafiya. Ku zo bayan La'asar, kowa ya taho da lissafin abin da ya zuba tun farko.

Baban Jibiya:
A lissafin nan yaro ka sa kwanakin da kontena ke yi a Apapa kafin ta fito, don kuɗin ajiya kullum ƙirgawa yake.

Akanta:
Zan sa Baba. Kawu, ina bukatar lambar rajistar kamfaninku da ta haraji, ba a buɗe fom ɗin shigo da kaya sai da su.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Ta harajin tana wurin yaron shago, da safe zan turo.